Tsagar da ke Mariƙin Askarka

Zuwa ga Maigida, Baban Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma cewa za ka yi in karanta maka, wai tabaraunka ya ɓata. Amma bakina cike yake da labari, kuma kai kaɗai za ka ji daɗinsa yadda ya kamata.

Albishirinka! Zainab matar Habibu ta sauka lafiya, an sami namiji. Jiya aka yi suna a nan gidanmu na Magajin Gari, kuma sunanka aka mayar. Goshinka ne sak, har da ɓata ran nan naka idan tuwo ya makara.

Ka san ɗanka, tun da ya buɗe shagonsa da injin aski ya raina zabira. To, ana gobe suna sai ga shi yana sosa ƙeya, wai da askarka yake so ya yi wa yaron askin suna. Askar nan mai mariƙin hauren giwa da ka gada wurin kakanka, tun zamanin da giwaye ke yawo a dajin Kamuku. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye.

Kada ka damu, ban yi wasa da ita ba. Damina uku ke nan ba ka nan, kuma ka san laimar garin nan, ko takalmi aka ajiye sai ya yi hunhuna. Duk Juma'a nakan fito da ita in goge, in shafa wa mariƙin ɗan mai da kan yatsa, in naɗe a busasshen ƙyalle, in mayar cikin gwangwanin geron nan naka. Ba ta ga rana ba, ba ta kusanci murhu ba.

Jiya da hantsi na shiga madafa, me zan gani? Ruwa na tafasa a tukunya, Zainab riƙe da askarka za ta jefa. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta rantse ƙarfen da ba a dafa ba ba zai taɓa kan ɗanta ba. Kuma gaskiyarta. Amma na san abin da ruwa ke yi wa haure. Na riƙe mata hannu, ta ƙi, na ƙi, har mata suka fara leƙowa. Ko dai a fasa aski da ita, ko mariƙin ya dare gida biyu.

A nan bakina ya suɓuce, Maigida. Na nuna mata tsagar nan siririya ta kusa da ƙusar mariƙin, na gaya mata ni na yi ta. Ka tuna ka ɗora laifin a kan damina? Ba damina ba ce, ni ce. Ina amarya, wata biyu da tarewa, na ga mariƙin ya yi ja-ja, na ɗauka dauɗa ce. Na jiƙa ta a ƙwarya da sabulu, na shanya ta a rana don in burge ka. Da na ji ta yi ƙas, na mayar cikin zabira na yi shiru. Shekara talatin da wani abu ina kallonka kana shafa wurin, ban iya buɗe baki ba. Ka yafe mini.

Ashe ƙanenka Sale yana bakin ƙofa yana ji. Dattijo guda, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce tun a makon ka gaya masa, don ka ji ƙanshin sabuluna a jikinta, ka kuma hana shi faɗa. Wai ka ce a kan tsagar babban yatsanka ke zama, kuma tun da aka yi ta askar ba ta taɓa zame maka ba. Haba Maigida! Haka ake yi? Ka bar ni da nauyi a ƙirji shekara da shekaru, kana ta yi mini dariya a ciki?

Daga ƙarshe muka shirya da Zainab. Na naɗe mariƙin da ƙyalle da leda, na riƙe da hannuna, bakin askar kaɗai na tsoma a ruwan, ita tana duba agogo. Tururi ya gasa mini yatsu, ban saki ba. Muka tsane ta bakinta a ƙasa, kamar yadda kake yi, don kada ɗigo ya gangara cikin ƙusa.

Habibu ya yi bisimilla, ya karɓi askar. Ina kallo babban yatsansa ya lalubo tsagar ya zauna a kai, ba wanda ya nuna masa. Nan take ya fara aski. Yaron bai yi ko uhum ba har aka gama.

Sunansa ba zai faɗu a bakina ba, ka san wannan. Maigida nake ce masa, mata suna ta tsokanata wai na yi sabon ango. Askar ta koma cikin gero, tana jiransa ya girma.

Ka huta lafiya. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, a can za ka amsa mini tambayata.

Taka har kullum,
Hajara, wadda ta wanke aska.