Kunnen Fara

Laraba, bayan isha'i

Shekara biyu zomayena, Fara da Toka, suna kwana jiki da jiki. Yau na ɗauko Fara daga gidan Inna Ladi, inda na kai ta barbara kwana uku. Ina mayar da ita keji, Toka ta shinshine ta sau ɗaya, sai ta rufe ta da cizo har ta tsaga mata kunne. Inna Ladi ta ce, "Warin namijina ta ji, ba ta gane ta ba. Da kin haɗa su kin kawo."

Na raba su da katako. Ɗazu na leƙa, Toka ko ganyen dankalinta ba ta taɓa ba. Tana bakin ƙofar keji tana jiran Fara ta dawo, ga Fara nan bayan katakon.