Baban abokina yana so a farke ƙwallon da Yayana ya bari

Wani yaro daga Maraɗi ta ƙasar Faransi ne ya aiko mana da wannan ta hannun direban motar gyaɗa, ya roƙi a sakaya sunansa. Mai shawara ya aiko, za mu buga. Edita.

Assalamu alaikum masu karatu, manyanku da ƙananku. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a nan ba tare da ya yi mani dariya ko ya yi mani faɗa ba. Ni ɗan lekol ne, abin da ku can kuke ce wa makaranta, kuma duk unguwarmu an san ni da ƙarin gishiri. Innata takan ce in na ga ƙadangare a bayan ɗaki, kafin in iso tsakar gida ya zama kada. Ban musa ba. In kun ga na zuzuta wani abu a nan ku yi haƙuri, hali ne, amma abin da ke cin raina babu ƙari a cikinsa.

Ina da wa, zan kira shi Yaya Ilu, yaron mota ne a kamiyon da ke kai gyaɗa Katsina da Kano. Wata rana da ba a lekol na dame shi da naci har ya ɓoye ni cikin buhuna ya tafi da ni Katsina. Da aka sauke kaya ya ce in zo ya nuna mani inda mahaukata ke taruwa. Muka hau wata katanga a bayan wata makaranta, sai ga fili shararre, ga samari cikin fararen kaya kamar za su Idi, ɗaya ya sheƙo da gudu ya wurga jan ƙwallo, ɗaya ya tare da katako mai kama da muciyar gidan biki, ƙwallon ya tashi sama har na ce sai dai a tsince shi a Makka. Mutane suka tafa a hankali kamar masu tsoron tada jariri. Ana tsakiyar abu kuma kowa ya watse ya tafi shan shayi, suka dawo suka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Yaya ya ce sunan wasan kurket. Tun hantsi muke kan katangar nan har la'asar, gindina ya mutu, yunwa ta ci ni, amma da ya ce mu sauka sai da na roƙe shi a bari in ga jifa ɗaya tak, daga ɗaya kuma sai wata. Na dawo Maraɗi na cika wa kowa kunne, har Inna ta ce in na sake cewa kurket a gidanta da muciyar gaske za ta koya mani.

Ba a daɗe ba Yaya ya dawo da ƙwallo na ainihi. Tsoho ne, 'yan makarantar sun gama da shi, mai sharar filin ya ba shi a kan curin tabar Jiratawa. Jar fata ce, da ɗinki a tsakiya mai kyau kamar na baduku, ga tauri kamar dutsen guga. Ya sa masassaƙi ya fafe mana katakon duka daga wani fasasshen turmi, muka kafa kara uku a bayan kasuwa muka ɗora 'yan tsinke a kai, ya fara koya mani. Rabin dokokin da na sani ina zaton shi ya ƙago su don kada in ci shi. Jifar farko da na tsaya tarewa a ƙwauri ta same ni, na yi ihun da ya tada angulayen mahauta, amma ranar da na fara jin ƙwallon ya zauna daidai tsakiyar katako ya tafi, wallahi ko an ba ni kujerar kumandan, Baturen da ke mulkin garinmu, ba zan karɓa ba.

A nan muka haɗu da wanda zan kira Tanko. Ɗan Jiratawa ne, sa'ana, yana kawo taba da itace kasuwa a kan jaki. Gidansu gidan Anna ne, masu riƙe da al'adar kaka da kakanni. Ya tsaya yana kallonmu daga kan jakinsa, ya ce, "Ku 'yan birni, a kan kara uku kuke wannan gumi? Ku zo gonarmu in ba ku dami." Yaya ya ce, "Sauko ka gwada, sarkin jakai, amma ba a lanƙwasa hannu." Ya sauko, ya juya ƙwallon, ya shinshina, ya wurga. Ban ga komai ba, sai dai na ji karan sun watse a bayana. Ashe yaron da ya tashi yana korar tsuntsu da hoge a gonar gero ba a yi masa gardamar jifa. Daga ranar yake ce mani Mushe Ƙwauri, wato Malam Ƙwauri a Faransancin lekol, ni kuma ina ce masa Baƙauye, muka zama kamar tagwaye.

Da bazarar da ta wuce sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauke Yaya Ilu. Ba zan iya rubuta wannan da tsawo ba. Bai bar wasiyya ba, bai ma san wanda ke kansa ba. Da aka zo rabon 'yan kayansa, riguna suka tafi wurin dangi, tabarmarsa aka bayar sadaka, sai ƙwallon da aka samu cikin aljihun rigar aikinsa, Inna ta miƙo mani ta ce, "Ungo, kai ka san amfaninsa." Duk daminar nan ban taɓa shi ba. Tanko ne, bayan an yi girbi, ya zo ƙofar gida ya ƙi tafiya, ya ce jakinsa ya rantse ba zai motsa ba sai Mushe Ƙwauri ya fito an fasa masa ɗayan ƙwaurin. Ranar ce na fara dariya tun rasuwar. Bayan kasuwa na kasa komawa, saboda ko'ina na duba Yaya nake gani. Na gwada filin lekol, mushenmu, wato malaminmu, ya ce wasan Ingilishi ba shi da wuri a ƙasar Faransi, wanda ke son wasa ga balo nan, ƙwallon ƙafa ke nan. Sai Tanko ya ce gonarsu ta bakin fadama an kwashe gero, ƙasar ta kwanta lumui. Duk ranar da ba lekol sai in taka zuwa Jiratawa, muka tara yaran garin, har mun kai a raba mu gida biyu.

To ga inda matsalar ta fito. Ku da kuka san wasan, ku tsaya ku dube shi da idon wanda bai taɓa ganinsa ba. Mutum ya zo gonarsa ya tarar an kafa itace uku a gabas, uku a yamma, an ja layi a ƙasa. Ya ga ɗansa yana tofa yawu a kan wani jan abu ɗinkakke kamar laya, yana goga shi a cinya, sannan ya ruga ya jefa, yara su ɗaga hannu sama gaba ɗaya su yi wata kuwwa da ba Hausa ba, wadda mu kanmu ba mu san ma'anarta ba, haka dai muka ji Yaya yana yi. Ya tambaya na wane ne abin, aka ce na mamaci ne. Ana cikin haka kafaɗar Tanko ta dama ta fara ciwo, ta kumbura, har ya kasa ɗora wa jaki kaya. Ni na san jifa ce ta yi yawa, don yaron nan in ba a ƙwace ƙwallon ba sai ya yi ta wurgi har rana ta faɗi. Amma a gidansu ba haka aka gani ba. Bakina kuma ya ƙara wa wutar kara, don kakarsa ta taɓa tambayata abin da ke cikin ƙwallon, ni kuma don in sa yara dariya na ce gashin bakin Gwamnan Ingilishi ne da zuciyar kada. Yara suka yi dariya, tsohuwa ba ta yi ba.

Babansa, zan kira shi Baba Nomau, ya tuge itatuwan ya ƙone, ya hana Tanko zuwa Maraɗi, ya hana shi magana da ni. Na tafi da kaina na durƙusa na gaishe shi. Ina tsammanin zai kore ni da sanda, da ma ya yi hakan da ya fi mani sauƙi. Sai ya sa aka kawo mani ruwa, ya yi mani gaisuwar Yaya, ya ce ya san shi, yaron kirki ne, ya sha rage masa hanya a mota. Na rantse masa maganar gashin baki wasa nake, ya ce ya sani, shi ma ya yi ƙuruciya. Ya ce bai ce ni mugu ba ne, bai ce Yaya mugu ba ne, amma tun da yake bai taɓa ganin an ɗinke fata ruf haka a banza ba, duk abin da aka ɗinke akwai abin da aka rufe a ciki, kuma ni da nake rantsuwa ban taɓa ganin cikin ba. Wannan gaskiya ne, ban taɓa gani ba. Ya ce in kawo ƙwallon a farke a gabansa da gaban dattawan gidan. In babu komai, zai ba mu gonar mu yi ta haukanmu, shi da kansa zai saro mana itatuwan. In na ƙi, da an rufe cinikin gyaɗa zai tura Tanko wurin kawunsa can arewa mai nisa, ya zauna har abin ya sake shi, kuma waɗanda ke zuwa wurin kawun nan sai da gemu suke dawowa.

Na ce masa Baba, in aka farke ai ya mutu. Ya ce, "To yaro, ni ɗana nake jin tsoro ya mutu." Na tashi na taho, tun daga fadama har gari ina kuka kamar akuyar da aka raba da 'ya'yanta, har wata mai tallar nono ta tambaye ni ko kunama ce.

Ban zauna ba. Na ɗauki ƙwallon na tafi Tsibiri wurin wani tsohon baduku da ake yabo, na tambaye shi in an farke zai iya mayarwa. Ya juya shi, ya danna, ya ce ɗinki kam zai ɗinka, amma sai dai ya zama abin rataya, ba abin duka ba, bugu ɗaya zai buɗe baki. Na roƙi direban da Yaya ya yi wa aiki ko zai samo wani a Katsina, ya ce zai duba, amma ko an samu ba shi Baba Nomau ke nema ba, wannan ɗin yake so, wanda ɗansa ya tofa wa yawu. Mun gwada wasa da goruba ni da yaran unguwa, ba ta tashi daga ƙasa yadda ya kamata, kuma babu mai jifa irin ta Tanko, sai na ji kamar ina cin tuwo ba miya.

Da ni kaɗai ne, wataƙila da na rufe ido na kai. Amma akwai Inna. Ƙwallon cikin wata ƙwarya nake ajiye shi a kan rataye. Rannan na dawo daga lekol da wuri, na leƙa ɗaki, na same ta zaune bakin gado ta riƙe shi da hannu biyu ta kanga a hanci. Gefe ɗaya na ƙwallon ya fi sheƙi, wurin da Yaya ya yi ta gogawa a wandonsa. Ba ta gan ni ba, na koma da baya na fita. Matar da ta ce za ta dake ni da muciya a kan kurket ke nan. Ban gaya mata maganar Baba Nomau ba. Na san in na faɗa za ta ce in kai, don ba ta son a ce abin gidanmu ya raba yaro da iyayensa, sannan ta koma ɗaki ta tarar da ƙwarya wayam, ba kuma za ta taɓa ce mani komai ba.

Akwai kuma abin da ko a zuci ba na son faɗa. In aka farke aka ga wani abu fa? Ni na yi imani zare ne da toto ko wani abu irin wannan, amma wa ya san abin da Turawa ke cusawa a kayansu. Ko 'yar takarda mai rubutu aka gani, ta sunan masu yin sa, shi ke nan, na rasa ƙwallo, na rasa Tanko, an kuma ɓata sunan Yaya yana kabari. In akwai wanda ya taɓa ganin cikin ƙwallon kurket a cikinku, malamai ko 'yan makaranta, don girman Allah ya gaya mani abin da ke ciki.

Jiya wata mai kawo taba daga Jiratawa ta tsayar da ni a kasuwa, ta ce Tanko ya ba ta saƙo. Kafaɗar ta fara saɓewa, amma a gida an ce don an raba shi da abin ne. Ta ce ya ce a gaya wa Mushe Ƙwauri kada ya kuskura ya kawo, in ya kawo ba shi ba shi, arewa ba lahira ba ce, shi zai dawo, amma Yaya Ilu ba zai sake kawo wani ƙwallo ba. Ta ce da ya gama faɗa ya juya mata baya yana ta gyaran akumarin jakin da ba abin da ya same shi.

To jama'a, ga ni. Motocin gyaɗa sun fara raguwa, kuma su ne za su kawo mani amsarku, don Allah kada ku yi nawa. In kai ƙwallon a farke, in karya zuciyar Inna, in kuma saɓa wa Tanko don in tsare shi kusa da ni? Ko in ji maganarsa in riƙe, in tsaya bakin hanya ina kallo a wuce da shi? In na riƙe, wa zai jefo mani?