Hijabin da Ke Kan Keke

Kankara, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Mas'udu da yara.

Yaya, an buɗe mana ɗakin motsa jiki a makaranta. Akwai ƙarafan ɗagawa da kekuna biyu da ake takawa amma ba sa zuwa ko'ina. Na dama yana da tauri, na hagu kuwa laushi gare shi. Malama Asibi ta liƙa dokoki a ƙofa: kowa minti goma, ki goge guminki in kin sauka, ki mayar da ƙarfe inda kika ɗauka, kada ki kama wuri.

Kullum tare muke hawa da Sumayya, ita dama ni hagu. Kin san tun aji ɗaya ba ni da ƙawa sai ita. To, an kawo wata sabuwar ɗaliba daga Sabuwa, sunanta Esther. Ran Talata na ɗan makara, sai na tarar da ita a kan keken hagu, Sumayya na ƙirga mata suna dariya. Har tawul ɗin da na saya wa Sumayya ta miƙa mata! Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

Shi ne na samo dabara. Da an tashi aji sai in ruga in rataya hijabin sallata a kan keken, in yi tafiyata. Malama tana fili da masu gudu, ba ta gani. Kwana huɗu ke nan Esther ba ta hau ba. Ban zagi kowa ba, ban ture kowa ba. Ai ban yi laifi ba ko?

Ki ba Baba Gide direba amsa, tunda an hana mu waya.

Ƙanwarki,
Hamida

Faskari, 10 ga Oktoba

Hamidan Inna,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Na karanta takardarki ina tuƙin tuwo, saura kaɗan ya kama saboda dariya. Keken da ba ya zuwa ko'ina kike wa gadi?

Ke da hannunki kika rubuto mani dokokin Malama. Koma ki karanta ta huɗun. A rijiyarmu ta Tafoki in yarinya ta aje guga ta tafi yawo don ta tare layi, mi Inna ke mata? Kuma Esther ɗin nan, ko sannu kin taɓa ce mata? Ni na san kunya ce ke damunki, amma wanda bai san ki ba girman kai zai ce.

Ki ɗauke hijabin nan. Don salla na ɗinka maki shi.

Yayarki,
Safara'u

Kankara, 17 ga Oktoba

Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode. Amma ban ɗauke ba, sai da na ƙara kwana biyar.

Ran Alhamis Sumayya ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Hajiya Hamida, ashe yanzu hijabinki ke motsa jiki, ke kina hutawa?" Kowa ya yi dariya. Washegari mahaifin Esther ya zo ya tafi da ita gida, tana ɗingishi, Sumayya ce ta riƙe mata jaka har bakin mota. Ni ko da na yi zazzaɓi bara, iyakarta ƙofar ɗakin shan magani.

Yanzu Sumayya ta ɗauke kwanonta daga kusa da nawa. Keken ya zama nawa ni kaɗai, kuma ban ma son ganinsa. Yaya, me Esther take da shi da ba ni da shi?

Taki,
Hamida

Sabuwa, 21 ga Oktoba

Zuwa ga Hamida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Esther Yusha'u. Ki yi haƙuri da rubuto miki alhali ba mu taɓa magana ba.

Da damina na faɗi a babur, gwiwata ta bugu. Likita ya ce in riƙa taka keke a hankali kullum don kada ta sage. Na dama ya fi ƙarfina, shi ya sa nake hawan naki.

Sau uku Sumayya ta kai hannu za ta cire hijabinki, ni na hana ta. Rabin gidanmu Musulmi ne, kuma tun muna yara Baba ya hore mu kada mu taɓa kayan sallar mutum. Na ɗauka alwala kika tafi, yanzu za ki dawo. Haka nake zama a benci har a kaɗa ƙararrawa. Gwiwar ta sage, amma ana gasa min, Litinin zan dawo.

Abu ɗaya zan faɗa miki. Duk sa'ad da Sumayya ke ƙirga min, zancenki take yi. "Hamida takan yi ɗari biyu ba haki." "Hamida ce ta saya min tawul ɗin nan." Gaskiya har haushinki na riƙa ji, don ni ba ni da mai ambatona haka.

In keken naki ne, ki gaya min lokacin da ba kya so, zan jira.

Na gode,
Esther

Kankara, 24 ga Oktoba

Esther,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba alwala nake tafiya ba. Ki yafe min.

Keken ba nawa ba ne. Na goge shi, hijabin kuma yana cikin akwati. Na karanta wa Sumayya wasiƙarki. Jiya ta dawo da kwanonta kusa da nawa.

Ran Litinin ke za ki fara hawa, ni zan ƙirga miki in kin yarda. Sai dai don Allah ki zo da tawul ɗinki.

Taki,
Hamida