Ƙuri'ar Tagulla

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Kwana uku babu wuta a unguwarmu. Shago ma shiru, mutum biyu ne suka leƙo suka tambayi batir suka wuce. Na wuni a zauren Tagulla.

Wata takwas ke nan da ni da Babakura muka buɗe zauren nan a Telegram, muna zaune a bencin shagona. Mun ce mu ma mu yi namu kuɗin intanet mai suna Tagulla, da Hausa, don mutanenmu. Shi ya iya rubuta manhaja, ni haɗa sola na iya, sai surutu. Yau mun haura mutum ɗari huɗu, har daga Maraɗi da Garwa.

Yanzu dole a zaɓi yadda kuɗin zai yi aiki kafin a sake shi. Ko haƙa, wato na'urori su yi ta lissafi suna shan wuta, wanda tasa ta riga gamawa ya samu lada. Ko jingina, mutum ya kulle wani abu daga kuɗinsa, a ba shi damar tabbatar da cinikin jama'a ko da ƙaramar kwamfuta ce da shi.

Ni haƙa nake so. A jingina wanda ya fi tarawa shi ke da murya. Rana kuwa ta kowa ce, ga ta nan tana gasa mu a banza. Babakura jingina yake so. Tun muna kwaleji ba mu taɓa tsayawa a ɓangare biyu ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Saƙon murya goma sha ɗaya na tura zaure yau ina kare haƙa. Matata Zulaiha ta ce tun da na dawo ban dube ta ba, ita da ke fama da ciki wata bakwai a wannan zafin. Gaskiya ce.

Alhamis, 8 ga Mayu

Akwai wata Bara'atu a zauren, ba ta cika magana ba. Ashe ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye kusa da Dambam. Yau ta rubuta cewa a asibitinsu sai sun kashe fankar ɗakin haihuwa kafin firjin allurar rigakafi ya kai yamma. Ta ce tana so a faɗa mata, mutumin ƙauyensu a ina zai samo wutar da zai ciyar da na'urar haƙa.

Maimakon in ce ban da amsa, sai na rubuta: "Hajiya, nan maganar fasaha ake yi, ba ta firji ba."

An yi ta dariya, sitika ta ko'ina. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Kwana biyu samari suna kiranta Hajiya Firji. Yau ta fita daga zauren. Ni admin ne, da na ga dama da kalma ɗaya na tsawatar.

Lahadi, 11 ga Mayu

Babakura ya zo shago bayan la'asar. Bai zauna ba, ruwan da na miƙa masa ma riƙe shi kawai ya yi. Ya ce ba ra'ayina ne ya dame shi ba, ra'ayi kowa da nasa. Ya ce matar nan ita kaɗai ta yi tambayar da ta kamata a cikin wata guda, kuma ni na kore ta. Na ce ban kori kowa ba. Na ce shi ma jinginar tasa ai miƙa wa Alhazai wuya ce. Ya ce ya sa iyaka a tsarin, ba wanda zai iya wuce wani kaso, ya bayyana sau uku ban saurara ba.

Da zai tafi ya ce, "Zayyad, kai ke haɗa wa mutane sola. Ka fi kowa sanin mutum nawa ne a nan Azare ke iya sayen faifan sola huɗu."

Na san adadin.

Juma'a, 16 ga Mayu

An kaɗa ƙuri'a. Haƙa 163, jingina 141. Mun ci.

Na zaci zan yi murna. Babakura ya rubuta layi biyu: jama'a sun zaɓa, zai gina abin da aka zaɓa tunda ya yi alkawari, amma ya ajiye admin. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Talata, 20 ga Mayu

An fara gwaji. Na haɗa na'urata a ɗakin tsakar gida, a kan solar gidan. Ƙara kamar injin niƙa, ɗakin ya zama tanda. Kafin magariba ta shanye batir kaf. Zulaiha ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki tana fifita da murfin kwano, ƙafafunta a kumbure.

Alhamis, 22 ga Mayu

Wani Jalo daga Kaduna ya sa hoto a zaure. Na'ura goma sha biyu a jere cikin sito, ga ƙaton janareta a baya yana hayaƙi. Shi ma haƙa ya zaɓa, har yana kirana shugaba. Na tuna masa cewa sola muka ce. Ya ce ai manhaja ba ta san bambancin rana da gas ba.

Ba ta sani ba kuwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Duk lada goma, tara na Jalo ne da wasu mutum biyu. Wani malamin makaranta daga Giade ya ce ya sayar da keken ɗinkin matarsa ya sayi tsohuwar na'ura saboda maganata, kwana huɗu bai samu ko ɗaya ba. Ya tambaye ni ko ya yi kuskuren haɗawa ne. Na ga saƙon. Har yanzu ban amsa ba.

Talata, 27 ga Mayu

An kira ni gyaran inbatar sola a wani ƙaramin asibiti bayan Dambam. Ban kawo komai a raina ba sai da na sauka daga acaɓa, wata mata mai farin hijabi ta karanta sunan shagona a jikin jakar kayan aiki.

"Kai ne Zayyad Mai Sola?"

Na ce ni ne.

"To, bismillah. Ga firjin."

Bara'atu ce. Ta riƙe mini tsani da kanta. Faifai biyu ne a rufin, ɗaya ya tsage. Ina sama ina jin nishin wata mai naƙuda ta taga, da muryar tsohuwa tana mata fifita tana addu'a. Na gyara abin da zai gyaru. Fanka da firji tare dai ba za su ɗauku ba, na faɗa mata. Ta ce ta sani.

Na ba ta haƙuri a bakin ƙofa. Ta ce ya wuce. Na ce ko za ta dawo zauren. Ta ce a'a, ta shiga ne don tana zaton za a yi abin da zai kai ga irin ƙauyen nan, yanzu kuma ta gane.

Duk hanyar dawowa ban kunna waya ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Mutum sittin sun fita daga zauren a mako guda.

Asabar, 31 ga Mayu

Hadari tun safe, ruwan bai sauka ba. Na bi ta gidan su Babakura bayan azahar, ai hanyata ce. Na same shi a zauren gidan da kwamfuta a cinya, ya rame. Mun gaisa kamar baƙi.

Na tambaye shi, a misali, idan wani ya nemi a sake ƙuri'a, kwana nawa zai ɗauka ya juya manhajar. Ya ce mako uku. Ya ce amma Jalo da mutanensa ba za su yarda ba, zauren zai iya rabewa biyu, kuma duk wanda ya kawo maganar sai an ci mutuncinsa fiye da yadda aka ci na matar nan.

Na ce tambaya kawai na yi, ba wai na canza ra'ayi ba ne. Ya ce to. Ya matsa mini gefen tabarma. Na zauna har aka kira la'asar, yana nuna mini yadda iyakar nan tasa take aiki. Akwai wuri biyu da ban gamsu ba, na faɗa masa, ya rubuta.

Na amsa wa malamin Giade. Na ce bai yi kuskure ba, kuskuren ba nasa ba ne, kada ya ƙara sayen komai sai ya ji daga gare ni ranar Litinin a zaure.

Na'urata a kashe take tun shekaranjiya. Saboda hadari ne.