Ciwon Ido, Tabo a Cinya

Daga: Ssebuliba Godfrey,
Tashar 'Yan Acaɓa ta Nateete, Kampala.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga: Shugabar Ma'aikatan Jinya,
Asibitin Ƙwararru na Ssemwanga.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: ƁATA SUNA DAGA BAKIN MA'AIKACINKU, LUBWAMA DEO

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 3 ga Yuli mota ta banke ni. Bayan nan idona na hagu ya firfito, ya yi jawur, kaina yana shuu kamar famfo. Likita ya ce jijiyoyin jini biyu ne suka haɗe a bayan idon, in aka bari zan makance.

2. Ranar 14 ga Agusta aka zura siririn bututu ta jijiyar matsematsina har cikin kai, aka toshe ɓarakar. Ina gani garau. Da likitoci ba ni da ƙorafi.

3. Wanda ya aske mini wurin shi ne Lubwama. Tun muna yara a Masaka kwanonmu na matoke, dafaffiyar ayaba, ɗaya ne. Shi na zaɓa babban abokin ango a auren da zan yi. Da na gan shi riƙe da reza, har godiya na yi wa Allah.

4. Wannan bawan Allah ya je tasharmu ya ce ciwon ido ƙarya ne, dandaƙe ni aka yi, shi ya gani da idonsa. Yanzu in na iso sai a buga ham, ana kirana Fiɗiyayye. Wai wasa yake yi!

5. Maganar ta kai kunnen goggon Nakalembe, wadda zan aura. Kin san in goggo ba ta tsaya wa mutum ba, ba ya taka gidan surukai. Ta dakatar da bikin kwanjula, wato gabatar da ni ga iyayenta, na 28 ga wannan wata. Ta ce ido yana sama, me ya kai wuƙa ƙasa? Na rantse, na nuna idon, a banza.

Saboda haka ina roƙon a ladabtar da Lubwama bisa ƙa'idar aiki, kuma a ba ni likita ɗaya, mace dattijuwa in da hali, ta bayyana wa goggo hanyar nan daga cinya zuwa ido kafin ranar. Ni zan ɗauke ta a babur, kyauta.

Kun ceto mini ido, ranki ya daɗe. Kada ku bari in yi amfani da shi wajen kallon ɗaurin auren Nakalembe da wani.

Naki mai biyayya,
Ssebuliba Godfrey