Murfin injin da na sayo a Elig-Edzoa

Birketiri, Yawunde

Zuwa ga ɗana Zakiyyu ɗan Yuguda, a Gabon.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan wannan takarda za ta same ka kana tsaye da ƙafafunka, kai da iyalinka. Allah ya kare ku daga ciwo da sharrin baƙunta. Mu a nan sai godiya. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, mahaifiyarka Adawiyya kuma idanun sun ƙara rufewa, amma tana cin abinci, tana salla a tsaye. 'Yata Murja ce ke rubuta min, na kuma gaya mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara.

Zan fara da abin da ya ɓata min rai. Ka yi niyyar dawowa gida ka buɗe wurin goge motoci a unguwar Tsinga, amma ba ka ga wanda ya dace ka kira ba sai Abdulgaffar mijin Murja. Ni yayan mahaifinka ina raye, a bakin surukina na ji. Wai ni mai tsire ne, me na sani a kan mota. Haka ubanka ya yi min lokacin da ya sayar da rumfar mahaifinmu ya sayi taksi, a bakin mahauta na ji a Etoudi. To, da na ji ka ce a duba maka injin guga da mayuka kafin ka iso, sai na ce ni zan duba, na kuma tafi da ƙafata.

Ga abin da na gano. Injin iri biyu ne. Akwai mai juyi kai tsaye kamar dutsen niƙa, yana da ƙarfi, yana cin fenti da sauri. Akwai kuma mai rawa, wanda yake juyawa yana karkarwa, in ka danna shi da yawa sai ya tsaya. Abdulgaffar ya nace wai sabon hannu mai rawa yake saya, da soso mai laushi, da mai iri biyu, na kankarewa da na ƙyalli, sai kakin da ake shafawa a ƙarshe. Ya ce a wanke mota tas tukuna, a yi aiki a inuwa, a gwada a ɗan wuri da abu mafi sauƙi kafin a hau na ƙarfi. Na ce masa hannun da ya shekara arba'in a kan wuta ba sabon hannu ba ne. Na sayi mai juyi a wurin masu kayan gwanjo, da gashin ulu, da man da ya fi kowanne tsakuwa. Mai shagon ma ya ce kada in taɓa motar kowa, in nemi tsohon murfin injin mota in koya a kai. Wannan kam na ji. Na je wurin masu fasa motoci a Elig-Edzoa, na ɗauki wani baƙi da ke jingine shi kaɗai a bango, aka turo min shi a amalanke har tsakar gida.

Ranar farko na goga, ya yi ƙyalli har ina ganin gemuna. Da na je gefe sai injin ya fizge hannuna, fenti ya yi zafi ya ƙone, rawaya ta leƙo daga ƙarƙashi. Abdulgaffar ya ce ai ya faɗa. Ban damu ba, rabin ƙarafan garin nan sun taɓa zama taksi, taksin nan kuwa duk rawaya ne. Sai na ce bari in cire baƙin duka in ga iyakar ƙarfin abin. Ina cikin yi sai kore ya fito a kan rawayar, a hancin murfin. Fiffike ne. Na ci gaba. Tantabaru biyu ne suna fuskantar juna, ta hagun fiffikenta ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Kai kana goye lokacin da mahaifinka ya fita da taksinsa da safe bai dawo ba, don haka ba ka san su ba. Ni na san su. Yuguda mai kiwon tantabara ne, shi ya sa aka zana masa su, kuma ya yi ta faɗa da mai zanen a kan wannan fiffiken a ƙofar gidan nan. An neme shi har Bafiya, har Ngaundere, ba mota ba gawa. Na koma wurin masu fasa motocin na tambaya daga ina murfin ya zo. Babbansu ya ce shi bai san da wani baƙin murfi a bangon ba, yaransa ma kowa ya ce ya zaci ɗan'uwansa ne ya kawo.

Yanzu ka saurara, kada kuma ka ce tsufa ne. Ƙarfen nan yana kwana a ƙarƙashin rumfar kwano, rana ba ta taɓa shi. Amma kullum in na dawo daga sallar asuba na ɗora hannu, da ɗumi nake samunsa. Ba ɗumin rana ba, ɗumin motar da aka kashe yanzu. Yana kuma yin wannan ɗan ƙaran, ƙas, ƙas, irin na inji in yana hucewa. Abdulgaffar ya ce ƙarfe ne ke miƙewa, amma tun ranar da ya taɓa da kansa ya daina bi ta wajen, ta bayan randa yake zagayawa. Tantabaru kuma, waɗanda rabon gidan nan da su tun da aka rushe akurkin ubanka, sun fara sauka a kan katanga. Ba sa cin hatsin da aka watsa musu. Zama kawai suke yi suna kallon rumfar.

Mun haɗa baki a kan kada mahaifiyarka ta sani. Ka san ba ta taɓa yarda a yi masa sadaka ba, ba ta yi takaba ba, har yau in ta tuƙa tuwo sai ta ware malmala ɗaya. Ranar Juma'a da hantsi ta fito da sandarta za ta ɗakin girki, sai ta tsaya tsakiyar gida, ta juya, ta nufi rumfar kamar mai gani. Ta shafa murfin tun daga sama har hanci, yatsunta suka tsaya daidai kan tsuntsayen. Ba ta yi kuka ba. Ta ce da Murja ta ɗora ruwan wanka, inji bai huce ba, yanzu ya iso. Murja tana nan tana rubutawa, in ƙarya nake ta ajiye alƙalamin.

Saura wuri ɗaya ban goge ba, faɗin faranti, ta gefen direba. Na kifa murfin na duba cikinsa, an taɓa buga wurin da guduma an cike. Ko mene ne ya sami motar nan, a nan ya same ta, kuma yana ƙarƙashin baƙin fentin. Mahaifiyarka ta ce a ƙarasa. Ni kuwa na ajiye injin, domin garin gaggawa na ƙone kan tantabarar dama, babu yadda za a dawo da shi. Mai juyin nan ba ya tambaya, abin da ya samu yake ci. Murja, rubuta cewa Abdulgaffar ya yi gaskiya a kan wannan ɗaya, wannan kaɗai.

Saboda haka ka sayi mai rawa a can, da soso mai laushi da mai marar tsakuwa, ka taho da su kada ka jira ƙarshen shekara. Kai ne ɗansa, hannunka ya kamata ya buɗe wurin, a hankali, tana zaune kusa. In abin da muka gani na sadaka ne, a yi masa sadaka ta huta. Motocin Tsinga za su jira ka.

Ni dai na sha faɗa a gaban jama'a cewa ba zan yafe wa Yuguda maganar rumfar mahaifinmu ba sai ya tako har tsakar gidana. Yanzu kullum da safe nakan ja kujera in zauna gefensa har ya huce. Ban ce masa komai ba tukuna. Ina jiran ka zo.

Ka gaida matarka Rahinatu da yara. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ta ce ka zo da wuri ku gaisa da babanka. Murja da mijinta suna gaisuwa, gwaggonka Zara ma haka.

Ni ne baffanka,
Sali mai tsire