Tsutsa-ga-Mushe

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zaman Kumasi? Ina su Hansatu da yara? Mu nan Kurfi lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Ka tuna tabon nan na hammatar Kawu Ilu, da yake rantsuwa harsashin Japanawa ne a yaƙin Bama? Da shi ya tsorata kowa har ya ƙwace gonarmu ta Birchi. To, ranar kasuwa wani abokin sojansa ya zo daga Dutsin-Ma, ya iske shi yana ɗaga riga a rumfar mahauta. Ya ce, "Haba Ilu, wane harsashi? Cizon ɗan ƙwaro ne, ko ƙwarƙwata bai kai ba. Zazzaɓi ya kada kai, ni na yi jinyarka." Ya ce likitoci sun daɗe suna gardamar sunan ƙwayar cutar da dangin da za a sa ta, amma sunan Japanawa ne ya bi ta: tsutsugamushi.

Mahauta suka ji "tsutsa ga mushe". Shi ke nan, kasuwa ta ɗauka, ya zama sunansa! Kawu ya fasa neman sarautar mai unguwa da yake yi, ko masallaci ba ya zuwa. Jiya na tsaya ƙofar gidansa na ƙwala masa sunan. Na jiyo shi yana kuka, ko a jikina.

A sa mu a addu'a, Allah ya maido mana gonarmu. Ka gai da maƙwabta. In za ka rubuto wa Kawu, ka san sunan da za ka sa a bayan ambulan.

Ƙanenka,
Lawal